Me Ya Sa RAM Ba Ya Kai Gudun Da Aka Rubuta A Jikinsa?

Masu haɗa bidiyon biki a Birnin Kebbi, da matasan da ke tace hotunan bikin kamun kifi na Argungu, sun san darajar RAM mai sauri. Mutum zai tara kuɗinsa ya aika Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a sayo masa RAM na DDR4 mai lamba 3200 a jiki, ya soka a madabod, ya kunna, ya duba ya tarar da 2133. Nan take zuciya ta ce masa an cuce shi. Sau da yawa kuwa mai shago bai ci haƙƙinsa ba.

A fara tabbatar da abin da ido ya gani. Manhajar CPU-Z tana nuna rabin lambar ne, domin RAM irin na DDR sau biyu yake tura bayanai a kowane bugu. In ka ga 1600 a can, RAM ɗinka yana kan 3200 ɗinsa cif, ka kwantar da hankali. In ka ga kusan 1066, to da gaske a 2133 yake.

Dalilin yana cikin wani ɗan mitsitsin guntu da ke manne a jikin kowane RAM, ana ce masa SPD. A cikinsa aka rubuta gudun da hukumar JEDEC ta amince kowace kwamfuta za ta iya ɗauka ba gardama, kuma shi madabod yake bi a kunnawar farko. Lambar nan babba ta jikin kwali tana cikin wani tsari na dabam da Intel ta fito da shi a 2007, wato XMP, wanda sai mai kwamfuta ya kunna shi da hannunsa. Da ka danna makunni, ka yi ta taɓa Del ko F2 har BIOS, wato shafin saitin madabod, ya buɗe, ka nemi XMP, ka zaɓi tsari na ɗaya, ka danna F10 don adana saitin. A madabod ɗin Asus mai firosesar AMD sunansa DOCP, a sababbin na AMD masu DDR5 kuma EXPO, wanda ya fito a 2022. Wutar da RAM na DDR4 ke ja za ta tashi daga bolt 1.2 zuwa 1.35, haka aka tsara shi.

Sai dai yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu tokumbo ne na ofis, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, waɗanda galibi ko ka kwana kana lalube ba za ka ga XMP a BIOS ɗinsu ba. Haka madabod masu H310 ko B365: firosesa i5 zubi na takwas ba ta wuce 2666 a kansu, i3 kuma 2400. Sai a 2021, da B560, Intel ta buɗe wannan ƙofa ga madabod masu matsakaicin kuɗi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda RAM mai tsada, mai ƙyalƙyalin fitilu, kan tsaya a 2133 a cikin irin wannan kwamfuta, alhali ɗan koren nan mai araha, wanda 2666 ɗinsa na JEDEC ne, zai kai gudunsa cikakke. An kashe kuɗi an sayi abin da bod ɗin ba zai iya mora ba.

Gauraya ma na ja baya. In ka haɗa mai 2400 da mai 3200, duk biyun za su koma 2400, kamar ayarin da ke bin takun raƙumi mai ɗingishi. In ramuka huɗu ne, RAM biyu, yawancin madabod sun fi son rami na biyu da na huɗu daga wajen firosesa.

Akwai kuma wanda ya kunna XMP lafiya, aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita sai ya ga gudun ya sauka, agogo ma ya rikice. Wannan aikin ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe wa BIOS saitinsa. A tsohuwar kwamfuta ya kan riga ya mutu tun kafin ta iso. A sauya shi. Ƙurar hunturu kuwa, in ta cika rami, a zare RAM, a busa ramin, a mayar har sai maƙallan gefe sun ce ƙas.

Bayan kunna XMP a bar MemTest86, mai gwada lafiyar RAM, ya yi zagaye da yawa, musamman a zafin Afrilu. In ya nuna kuskure ko guda, a sauko zuwa 2933 ko 2666. Cibiyar da ɗalibai ke rubuta jarrabawar JAMB ba ta da buƙatar XMP sam, kwamfutar da ba ta ɗaukewa take so. Kai kuma mai niyyar saye, ka karanto lambar madabod ɗinka da ta firosesa tukuna, sannan ka tura kuɗi.