Shan Iska a Bakin Tafki: Kimiyyar Kwalekwale da Kwanan Zango

Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Shanono, inda gona ke manne da gona, ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya ga ruwa mai faɗi. Madatsar Watari, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1980, tana nan a Bagwai, maƙwabciyar Shanono. A kudancin Jihar Kano kuwa akwai madatsar Tiga, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma tsara ta tun farko don ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Noman rani shi ne babban dalilin gina waɗannan madatsu, amma an kuma yi tanadin masu yawon buɗe ido, domin an gina otal a Tiga da Bagauda. Ƙungiyar ɗalibai da ke nufin ziyartar irin waɗannan wurare, ko kafa zango a bakinsu, ya kamata ta fara da sanin halin ruwa.

Me ya sa kwalekwale ba ya nutsewa? Fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ya gano cewa duk abin da aka sa cikin ruwa, ruwan yana tunkuɗo shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka kwalekwalen da ke ture lita 2,000 idan ya lume har baki, iyakarsa ke nan: kilo 2,000, har da nauyin jikinsa. A ɗauka nauyinsa kilo 500 ne, aka zuba masa mutum 20, kowanne kilo 60. Jimla ta zama kilo 1,700, bakinsa ya matso kusa da ruwa. Da zarar an ƙara mutum biyar, lissafi ya cika, ƙaramar igiyar ruwa ma ta isa ta cika shi.

Haka kuma, idan fasinjoji suka miƙe tsaye, cibiyar nauyin kwalekwale takan hau sama, ya riƙa tangaɗi. In suka taru a gefe guda don tsoro, sai ya kife. Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana ɗacin haɗarin ruwa ranar 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a tafkin Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, kuma rahotanni sun danganta abin da yawan lodi. Don haka wajibi ne malami ya ƙirga ɗalibai kafin shiga da bayan fita, ya tabbatar kowa ya ɗaura rigar ceto. Nauyin jikin ɗan Adam ya yi kusa da na ruwa, shi ya sa 'yar tunkuɗowar da rigar ke ƙarawa ta isa ta riƙe kai a sama, ko ga wanda bai iya iyo ba.

Wani haɗarin ba a ganinsa da ido. Ruwan da ke kwance matattara ce ta dodon koɗi, wanda ƙwayar cutar tsargiya ke girma a cikinsa. Idan mai cutar ya yi fitsari a tafki, ƙwayayen sukan ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗi, daga nan 'yan tsutsotsi su fito su huda fatar mai wanka. Bayan makonni sai a ga jini a fitsari. Wannan ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke zato. Ciwo ne, kuma maganin praziquantel yana warkar da shi. Ruwan sha kuwa, in daga tafki aka ɗebo, a tace shi a tafasa.

Game da kwanan zango, a kafa tanti a kan tudu, nesa da gaɓa, domin ruwa na iya ƙaruwa da dare a lokacin damina, sauro ma ya fi yawa a bakin ruwa. Gidan sauro dole ne. Komai tsananin hunturu, kada a shiga da garwashi cikin rufaffen tanti, domin yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kashe mai barci. Idan hadari ya haɗo, a ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da tsawa: kowane daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ne. Amma muddin ana jin tsawa, zama a kan ruwa ya ƙare.

Malamin kimiyya na iya gwada darasin Arkimidis tun a aji, da kwano da bokitin ruwa da tsakuwa. Ɗalibin da ya ga yadda tsakuwa ta ƙarshe ta nutsar da kwano, ba zai yarda ya shiga jirgin da ya cika ba. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.