Gashin Ƙashi da 'Yan Wasan Golf

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya shigo ƙasar Hausa ne tare da Turawan mulkin mallaka, kuma har yanzu ana buga shi a Kano da Kaduna. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasan hutu ne, tun da babu gudu, babu karo. Amma ɗan wasa yakan zaga ramuka 18 a ƙasa, yana murɗa jikinsa da ƙarfi duk lokacin da zai kai wa ƙwallo duka.

Wannan murɗawa ita ce tushen ciwo. Inda aka fi jin jiki shi ne gadon baya, wajen ƙugu. Sai gwiwar hannu, da wuyan hannu, da kafaɗa. Na-dama yakan sauke nauyinsa a kan ƙafar hagu, don haka gwiwarsa ta hagu ce ke shan wahala. Da rani kuma, idan ƙasa ta bushe ta yi tauri, sanda takan daki ƙasa, girgizar ta hau hannu.

Bahaushe ya san ɗori, ya san tausa, ya san gasa targaɗe da ruwan zafi. Daga nan aka sami sunan "gashin ƙashi", wato aikin da ake yi a asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Sai dai sunan bai cika aikin ba, domin motsa jiki ya fi gashin yawa.

Aikin hawa-hawa ne. Da farko a hutar da gaɓar, a ɗora ƙanƙara don kumburi ya sace. Zafi sai daga baya. Na biyu, a riƙa miƙe ta ana lanƙwasawa, don kada ta sandare. Na uku, a ƙarfafa naman ciki da na baya da na cinya, waɗanda ke riƙe ƙugu. Sannan mai jinya ya koma fili, ya fara da gajeren bugu, kafin dogo.

Labarin Tiger Woods na Amurka ya isa misali. A 2008 ya ci babbar gasar US Open da tsinkakkiyar jijiya a gwiwar hagu. Aka yi masa tiyata, bai sake shiga gasa ba sai bayan wajen wata takwas. A 2017 aka haɗe masa ƙasusuwa biyu na gadon baya, mutane da yawa suka ce tasa ta ƙare. A 2019 ya ci gasar Masters.

Likitan fiɗa yakan gama aikinsa cikin sa'o'i, mai gashi kuwa sai ya yi watanni. Wanda ya ji zafi ya lafa ya yi garajen ɗaukar sanda, yakan fama ciwon, jinya ta dawo sabuwa.