Tsohuwar Mota da Rigimar Baƙin Mai: Sintetik ko Na Gargajiya?

Akasarinmu ma'aikata a wannan yanki, daga malamin jami'a zuwa likita da lauya da ma'aikacin banki, motar da muke hawa ta hannu ce, wato wadda ake kira tokumbo ko 'yar Kwatano. Wani Bature ya more ƙuruciyarta a Amurka ko Jamus, mu kuma muka karɓi tsufanta bayan mun shekara muna tari ko mun ci bashin ƙungiyar ma'aikata. Tun daga 2023, lokacin da aka janye tallafin fetur kuma darajar naira ta faɗi, sauya mota ya gagari mai albashi, saboda haka wadda ke hannu ita ce za a yi ta lallaɓawa. A nan ne maganar baƙin mai ta zama babba, domin inji shi ne rabin kuɗin mota, rayuwar inji kuwa tana rataye ne a kan lita huɗu ko biyar na man da ake zuba masa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne wata muhawara da ta haɗa ni da bakanikena. Na sayi wata mota ƙirar Japan da ta yi shekaru goma sha biyu a duniya, ranar juyen farko sai na zo gareji da galan na man sintetik, irin mai tsadar nan. Da ya gani sai ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, wannan man 'yan gayu ne. Tsohon inji mai kauri yake so. In ka zuba masa wannan, yoyo zai fara." Na ce a zuba. Bayan kamar mako uku sai na fara ganin ɗigon mai a inda nake ajiye motar. Da na koma, tun kafin in buɗe baki ya ce, "Ai na faɗa maka, Yallaɓai." A ranar ban da amsar da zan ba shi, shi ya sa na shiga bincike, abin da na samo kuma shi nake son in raba da mai karatu.

Da farko dai, kowane baƙin mai haɗi ne na abu biyu: gundarin mai, wanda shi ne mafi yawa, da sinadaran da ake ƙara masa domin wanke datti, hana tsatsa, rage gogayya da hana kumfa. Bambancin na gargajiya da sintetik yana cikin gundarin ne. Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wato API, ta kasa shi rukuni biyar. Rukuni na ɗaya da na biyu daga ɗanyen mai ake tace su, su ne na gargajiya da 'yan kasuwa ke kira minaral. Na uku ma daga ɗanyen mai yake, amma an sarrafa shi da iskar haidurojin cikin matsanancin zafi da matsi har ƙwayoyinsa suka daidaita. Na huɗu, wanda ake kira PAO, da wasu daga cikin na biyar, a masana'anta ake ƙera su daga ƙananan sinadarai. Man gargajiya yana ɗauke da ƙwayoyi manya da ƙanana a cakuɗe. Ƙananan sukan ƙone su bi iska idan zafi ya yi yawa, ragowar kuma su yi kauri su zama laka. Ƙwayoyin sintetik kusan girmansu ɗaya, shi ya sa ya fi jure zafi kuma ya fi saurin gudu da sanyin safiya.

Yana da kyau mai saye ya san cewa kalmar sintetik ta kasuwa ce fiye da ta kimiyya. A 1999 kamfanin Mobil ya kai ƙorafin Castrol gaban wata hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka saboda yana kiran man rukuni na uku sintetik, hukumar kuma ta ba Castrol gaskiya. Tun daga nan da yawa daga cikin galan-galan da ke ɗauke da wannan suna rukuni na uku ne. Wannan ba aibu ba ne, mai ne mai kyau, sai dai kada sunan kaɗai ya ruɗe mu. Akwai kuma rabin-sintetik, wato haɗin biyun, wanda ba a cika rubuta yawan kowanne a jikin galan ba.

To, ina maganar yoyo ta samo asali? Tana da tushe a tarihi. Lokacin da man sintetik ya shigo kasuwar motoci a shekarun 1970, inda Mobil 1 ya fito a 1974, wasu daga cikin na farko-farko sukan sa robobin da ke toshe mahaɗun inji su tsuke, sai mai ya riƙa tsiyaya. An daɗe da gyara wannan matsala ta hanyar ƙara sinadaran da ke kiyaye laushin roba, amma labarin ya ci gaba da yawo a gareji-gareji har yau. Abin da ke faruwa da tsohuwar mota daban ne. Robar da ta shekara goma tana shan zafi takan bushe ta tsage, sai laka ta taru ta toshe tsagar. Idan aka zuba sabon mai mai ƙarfin wanki, musamman in ya fi na baya tsinkewa, sai ya share lakar, tsagar ta bayyana. Haka muka tarar a tawa motar. Da aka buɗe murfin saman injin, gasket ɗin ya bushe ƙamas, yana karyewa a hannu. Muka sauya shi da ɗan kuɗi kaɗan, yoyo ya tsaya. Bakanikena ya duba ya ce, "To Yallaɓai, ashe ciwon na nan, man tona shi ya yi." Hausawa dai sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Sai dai a ganina, tambayar sintetik ko minaral ita ce ta biyu. Ta farko ita ce kauri, wato lambobin nan da ake rubutawa kamar 5W-30 ko 20W-50. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a zafin digiri 100, wanda ya yi kusa da zafin mai a cikin inji mai aiki. Ke nan 5W-30 da 10W-30 ajin kaurinsu ɗaya ne idan inji ya ɗauki zafi. Bakanikenmu da yawa sun koyi sana'a ne a kan Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, kuma 20W-50 ya dace da irin waɗancan injuna. Injunan da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau kuwa tazarar da ke tsakanin ƙarafansu ta fi ƙanƙanta, kuma da yawansu suna da na'urar sauya lokacin buɗe bawul, irin VVT-i ta Toyota ko i-VTEC ta Honda, wadda ke aiki da matsin mai ta cikin siraran hanyoyi. Mai mai kauri sosai yana jinkirin isa waɗannan wurare lokacin tayar da mota, yana kuma ƙara shan fetur. Abin da ya dace a zuba yana rubuce a littafin mota, sau da yawa ma a kan murfin da ake zuba man. In littafin ya ɓace, ana samun irinsa a intanet da sunan mota da shekararta.

Bayan kauri sai daraja. A bayan galan akwai haruffan API: S na injin fetur ne, C na dizal. Harafin da ke biye yana nuna zamani: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP kuma a 2020. A injin fetur, na baya-bayan nan yakan maye gurbin na da. Motocin Turai kuwa suna da nasu ƙa'idoji, irin ACEA A3/B4, ko VW 502.00 na Volkswagen da 229.5 na Mercedes, kuma kusan duk man da ya cika waɗannan biyun na ƙarshe sintetik ne. Mai irin wannan mota ba shi da zaɓi sosai. Haka ma duk injin da ke da tabo, wato na'urar nan da ke cusa wa inji iska da ƙarfin hayaƙi, domin zafinta kan dafa man gargajiya ya zama gawayi a cikin bututunta.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. A Turai abin da ake yabon sintetik da shi shi ne gudu cikin ƙanƙara, mu kuwa sanyin hunturunmu bai kai nan ba. Amfaninsa a wurinmu jure zafi ne. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ga cunkoson Kano da hanyar Nyanya zuwa Abuja inda inji ke aiki mota na tsaye. Masana man shafawa suna da wata ƙa'ida ta kusan-kusan, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin lalacewar mai. A 2017 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada nau'o'in biyu, ta ba da rahoton cewa a matsakaici sintetik ya fi na gargajiya da kashi 47 cikin 100 a gwaje-gwajen da ta yi. Laka kuma ba abin rainawa ba ce: a 2007 Toyota ta sasanta wata ƙara ta haɗin gwiwa a Amurka kan taruwar laka a wasu injunanta na 1997 zuwa 2002, kuma irin waɗannan motoci sun cika titunanmu.

Amma akwai tarkon da 'yan boko irina suka fi faɗawa. Wani abokin aikina ya karanta cewa sintetik na iya yin kilomita 15,000, sai ya daina leƙa geji, har ranar da injinsa ya buga a kan hanya, ya sayi wani da kuɗin da ya tanada don makarantar yara. Wancan dogon zango an tsara shi ne don tituna masu tsabta da fetur mai kyau. Littattafan motoci suna da jadawali na biyu na aiki mai tsanani, wanda ya haɗa da ƙura, zafi, gajerun tafiye-tafiye da tsayuwa cikin cunkoso, wato dai rayuwarmu ta kullum. Sintetik ba ya narkar da ƙurar hunturu, kuma tsohon inji yakan sha mai ko wane iri aka zuba masa. A kuma lura cewa motocin Amurka da mil suke ƙirga tafiya, mil 5,000 kuwa kilomita 8,000 ne. Lambar da ke kan allo ma ba abin dogaro ba ce, tunda an san wasu dillalai kan mayar da ita baya.

Babbar musiba kuma ita ce jabu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama gurɓataccen baƙin mai da aka ɗura cikin galan na manyan kamfanoni, kuma mai tsada shi ya fi jan hankalin masu wannan ha'inci. Minaral na gaskiya ya fi sintetik na jabu nesa ba kusa ba. Ni dai yanzu daga gidan mai na kamfani ko babban dila nake saye, in duba hatimin murfi, in tsaya a zuba a gabana, sannan in huda galan ɗin kafin in yar.

Ga inda na tsaya. Idan injinka lafiyayye ne, ba ya hayaƙi ba ya yoyo, kuma kana da niyyar riƙe motar shekaru, sintetik mai kaurin da littafi ya faɗa ya cancanci kuɗinsa. Kafin ka koma kansa, a buɗe murfin mai a haska ciki. In an ga laka, a gajarta juyen farko da na biyu, a sauya filta kowane karo, a kuma gyara duk robar da ta nuna rauni. Ni ban yarda da zuba kananzir ko dizal don wanke inji ba, domin lakar da ta ɓalle gaba ɗaya tana iya toshe rariyar famfon mai. Idan motar ta haura kilomita 120,000, akwai man da aka yi musamman don injuna masu dogon zango, mai ɗauke da ƙarin sinadarin tausasa roba. Idan kuwa injin ya riga ya gaji, yana fitar da shuɗin hayaƙi kana ciko duk mako, zuba masa mai tsada asara ce. Minaral mai kyau, wataƙila mai kaurin mataki ɗaya sama, ya wadatar har a samu halin gyaran ringi. Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya ji kunya: minaral ko rabin-sintetik na gaskiya da ake juyewa duk kilomita 5,000 ya riƙe injuna da yawa tsawon shekaru. Maganar cewa wanda ya fara sintetik ba ya komawa minaral kuma ba ta da tushe, ana iya komawa, ana ma iya ciko da ɗaya a kan ɗaya idan ta kama.

Har yanzu ni da bakanikena ba mu gama daidaitawa ba, shi yana nan a kan mai kauri, ni ina kan littafi. Abin da muka haɗu a kai shi ne jan geji kowace Asabar da safe kafin a tayar da mota, a kan ƙasa mai daidai, da rubuta ranar juye da lambar tafiya a wani ɗan littafi da ke cikin mota. Rigakafi dai ya fi magani, kuɗin galan kuma bai kai na inji ba. Allah ya kiyaye mana hanya.