Jarumai Mata a Fim da Dandali: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Mai kallo a Bagudo, Illo, Ka'oje ko Lolo da ke bakin iyakar Benin ba ya bukatar tsallaka teku kafin ya sami jarumar mace. Maƙwabtanmu cike suke da su. Ga biyar daga ciki.

1. Sarauniya Mangu ta Lugu. A 1899 ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a yankin Dogon Dutsi, ƙasar Arewa ta Nijar. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986. Abin mamaki, ba a Nijar aka ɗauki fim ɗin ba, sai a Burkina Faso, inda ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987.

2. Agojie na Dahome. A kudancin Benin ta yau, sarakuna sun taɓa riƙe runduna ta mata zalla. Fim ɗin The Woman King na 2022, wanda Viola Davis ta jagoranta, labarinsu ne, amma a Afirka ta Kudu aka ɗauke shi. A shekarar ce kuma aka buɗe mutum-mutumin mayaƙiya mai tsawon mita 30 a Kwatano.

3. Sarauniya Amina ta Zazzau. Har gobe ana danganta tsofaffin ganuwoyi da sunanta. Fim ɗinta na Izu Ojukwu ya hau Netflix a 2021, sai dai da Turanci jarumar Hausa ta yi magana a cikinsa.

4. Mahaifiyar Shaihu Umar. Ita ba ta riƙe takobi ba. Ta keta Sahara tana neman ɗanta da aka sace, ta faɗa bauta, ba ta fasa ba har ta sa shi a ido. Wanda ya ƙirƙiro ta a littafinsa Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Adamu Halilu ya yi fim ɗin a 1976.

5. Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne. Miji ya kore ta da 'ya'ya tara, ta ɗora tukunya ta kama sayar da abinci, ta riƙe gidanta da guminta. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafin a 1990, ya zama fim a 1998, aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012.

Uku sun yi fice da makami, biyu da haƙuri da juriya, kuma irin biyun nan ne suka fi yawa a gidajenmu. Marubutan Kebbi, ku duba bakin kogin Neja: ga masu turara shinkafa, ga masu bandar kifi, ga masu fatauci tsakanin kasuwannin iyaka. Ku rubuta labarinsu da Hausa, da Dandanci, da Fulatanci, kafin wani ya zo daga nesa ya rubuta mana shi.