Fina-finan Aminan da Suka Zama Masoya, da Taubasan Ƙasar Kurfai

Wanda duk ya bar Yamai ya nufi arewa maso gabas, ya wuce Baleyara da Bonkuku, ya bi kwarin Dallol Boso tafiyar kilomita wajen 180, zai iske Filinge, babban garin ƙasar Kurfai a cikin jihar Tilaberi, inda Kurfayawa ke zaune tun kaka da kakanni suna maƙwabtaka da Zabarmawa da Fulani da Buzaye. Ƙasa ce ta noman hatsi da wake da kiwon shanu, kuma idan kaka ta yi, aka kai dammuna rumbu, aiki ya yi sauƙi, sai dare ya zama na hira. A da hirar nan ta tatsuniya ce da dandali. Yanzu kuwa, in mutum ya ratsa unguwa bayan sallar lisha, galibi samari zai tarar a fadarsu, butar shayi tana bisa gawayi, sun haɗa kawuna a kan waya guda da aka jingina da kwalin sukari, suna kallon fim ɗin da aka tura musu a shagon caji, 'yan mata kuma suna cikin gida suna kallon nasu.

Daga cikin abin da ake kallo akwai wani nau'i na fim wanda ya cancanci a yi masa nazari, wato labarin saurayi da budurwa waɗanda suka daɗe suna aminci, suna tsokanar juna, kowa ya san sirrin kowa, har ma ɗaya yakan taya ɗaya neman wanda yake so, alhali kuwa soyayya ta riga ta yi saiwa a zukatansu ba su farga ba. Mai kallo shi ne ke fara ganewa, domin labarin zuciya a tambayi fuska, kuma daga nan ne dariyar fim ɗin take fitowa: kowa ya gani, har yaran gida sun gani, su biyun ne kaɗai ke musu. Sai ranar da wani na uku ya shigo da maganar aure, kishi ya motsa, sannan wasa ya ƙare, a shiga tsoron cewa in an furta aka samu ƙi, an yi asarar masoyi an kuma yi asarar amini.

Amurkawa suna da nasu shahararre, When Harry Met Sally, wanda Nora Ephron ta rubuta, Rob Reiner ya shirya a 1989, inda mutum biyu suka haɗu a tafiyar mota daga Cikago zuwa Niyok, namijin ya kafe a kan cewa abota tsantsa ba ta yiwuwa tsakanin namiji da mace, suka yi ta haɗuwa da rabuwa shekara 12 kafin su yarda da abin da ke ransu. Amma wannan bai yi tasiri a ƙasar Hausa ba, saboda ɗabi'un da ke cikinsa sun yi nisa da namu. Ta hannun Indiyawa labarin ya iso mana, su da muka saba da fina-finansu tun wajen shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa Lebanawa suka fara nuna su a gidajen sinima na Kano, kuma yanzu da ake fassara su da Hausa, irin fassarar Algaita, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana bin zancen daga farko zuwa ƙarshe.

Biyu daga cikinsu sun isa misali. A Maine Pyar Kiya na 1989, wani talaka mai gyaran mota ya bar 'yarsa Suman riƙo a gidan tsohon amininsa attajiri, ta shaƙu da ɗan gidan, Prem, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa, suka fara da abota suka ƙare da so, sai uban yaron ya manta da amincin da ke tsakaninsa da uban yarinyar, ya dubi dukiya. Na biyun shi ne Kuch Kuch Hota Hai na Karan Johar, 1998, wanda da wuya a sami mai kallon fim ɗin Indiya a ƙasar nan da bai san shi ba. Shah Rukh Khan da Kajol su ne Rahul da Anjali, aminai a makaranta, kullum suna gasar ƙwallon kwando suna faɗa suna shiryawa, har Tina ta zo Rahul ya so ta, Anjali ta haɗiye abin da ke ranta ta hau jirgin ƙasa ta tafi. Tina ta rasu bayan haihuwa, ta bar wa 'yarta wasiƙu 8, kuma a ta ƙarshe ta yi mata wasiyya da ta haɗa ubanta da aminiyarsa ta da.

To, a nan ne tambaya take. Abota irin ta Rahul da Anjali, wadda saurayi da budurwa baligai za su riƙa yawo tare suna kama hannun juna ba da maganar aure ba, ba al'adarmu ba ce, kuma uban da ya ga haka a ƙofar gidansa a Filinge ba zai yi shiru ba. Me ya sa ke nan labarin yake taɓa zuciyar matasanmu haka? A ganina dalili shi ne, mun riga mun san shi tun kafin a ƙirƙiro majigi, a cikin gidajenmu, tsakanin taubasai.

Ɗan mace da 'yar namiji, ko ɗan namiji da 'yar mace, wato 'ya'yan wa da ƙanwa, al'ada ta halatta musu wasan da ba ta halatta wa kowa ba. Sun tashi tare, sun ci a akushi ɗaya, an aike su rijiya tare suna ƙanana, kuma da suka girma aka raba maza da mata, su ba a rufe musu ƙofar magana ba. Yarinya takan kawo fura gona lokacin noma, taubashinta ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan damun naki, baiwata, wa zai aure ki da shi?" Ita kuma ta ce, "Kai da tun hantsi ba ka fid da kuyya uku ba, da me za ka ciyar da matar?" Goggo tana gefe tana tsinkar yakuwa, ta yi dariya ta ce, "Ku dai yi ta yi, muna nan za mu sha biki." Idan watan cika-ciki ya kama, a bi juna da neman kuɗin shara, kowa yana da'awar shi ne ubangijin ɗaya. Sai wata shekara yaro ya tafi cin rani Kwatano ko Abijan ko Legas, ya dawo gab da damina da turmin atamfa a cikin jaka wanda ya ce wa kansa tsarabar wasa ce, ya tarar wani ya riga ya kai goron tambaya gidan kawunsa. Ranar ba a jin tsokana daga bakinsa, ita ma ta gaishe shi kanta a sunkuye, kuma duk wanda ke tsakar gidan ya san abin da shirun nan yake nufi.

Wannan wasa ya wuce gida ɗaya, domin yana tsakanin ƙabilu ma, kamar Fulani da Arawa, ko Gobirawa da Zabarmawa, kuma saboda fa'idarsa wajen kashe husuma ne hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Amma na cikin gida shi ne ya fi kusa da batunmu, tun da shi ne yakan kai ga aure, irin wanda ake yi wa kirari da tuwona maina.

Malaman da ma ba su jahilci wannan mas'ala ba. Ibn Hazm, malamin Kurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1064, a cikin littafinsa Ɗauƙul Hamama ya ware babi guda a kan mutanen da so ba ya kama su sai bayan doguwar mu'amala da sabo, ya kuma bayyana cewa shi kansa daga cikinsu yake, yana ganin irin wannan so ya fi tabbata a kan wanda kallo ɗaya ya haifar, domin abin da ya shiga da wuya ba ya fita da sauƙi. Hakika hankali yana karɓar wannan magana. Wanda ya san mace tun tana tallan gyaɗa, ya ga fushinta da rowarta da kyautarta, ya san yadda take yi wa uwarta magana, ba kwalliyar daren zance ce za ta ruɗe shi ba; ita ma ta san ko shi mai cika alkawari ne ko mai zaman fada ne kawai. Ƙauna da jinƙai da Alƙur'ani ya ambata a cikin Suratur Rum a matsayin abin da Allah ya sanya tsakanin ma'aurata sun fi samun wurin zama inda aka san juna da gaskiya.

Sai dai akwai wuraren da fim ɗin Indiya ya bi hanyar da ba za mu bi ba, kuma wajibi ne a faɗa wa matasa. Taubashiya ba muharrama ba ce, shi ya sa ma aurenta ya halatta, saboda haka hukuncin keɓancewa yana nan a kanta kamar kowace mace, kuma hikimar iyayenmu ita ce sun bar wasan a tsakar gida, a gaban jama'a. Na biyu ya fi wannan nauyi. A ƙarshen Kuch Kuch Hota Hai, Anjali tana da baikon wani mutumin kirki, Aman, har an zo ranar ɗaurin aure, sannan ya ga hawayenta ya janye ya miƙa ta ga Rahul. Masu kallo sukan yi kuka a wurin nan, kuma karamcin Aman abin yabo ne. Amma ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malaminsa ya san an hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa bayan an amince an natsu, kuma a ƙasa irin Kurfai, inda kowa ya san kakan kowa, fasa aure ranar biki yakan bar gaba tsakanin gidaje har jikoki. Darasin da ya kamata saurayi ya ɗauka shi ne ya aika magabatansa tun ƙofa tana buɗe, kada kunya ta riƙe shi sai an sa rana.

Ba kuma kowane taubashi ne masoyi ba. Sau da yawa iyaye sukan ga yara suna wasa su yanke hukunci ba tare da sun tambaye su ba, aure ya zama na dole, kuma idan ya mutu ya tafi da zumuncin wa da ƙanwa, a daina gaisawa a wurin suna da jana'iza. Shari'a ta ce a nemi izinin yarinya, kuma likitoci suna gargaɗi a kan amosanin jini, wanda yakan fi bayyana inda dangi ke auren juna, don haka gwajin jini kafin a karɓi sadaki ya zama abin da mai hankali ba zai raina ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk da wannan arziki da ke gabanmu, masu shirya fina-finan Hausa ba su cika waiwayarsa ba. Tun daga Turmin Danya na 1990, masana'antar Kano ta yi fina-finan soyayya masu yawa, irin su Sangaya da Wasila, ta kuma yi na barkwanci waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fice a cikinsu, amma galibi an raba su gida biyu: na soyayya kuka da waƙa, na dariya kuma camama. Haɗa su a labari ɗaya, yadda dariyar za ta fito daga halin masoyan kansu, shi ne aikin da ya rage, kuma idan aka tashi yin sa sai a kai yara jami'a a sa musu tufafin Bambai, alhali ga goggo da kawu da kaka mai kiran jikanta mijinta, ga kuɗin shara, ga ɗan cin rani da turmin atamfarsa.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Oumarou Ganda ya ɗauki labarin aure na cikin unguwa, na wani alhaji da ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani alkawarinta, ya yi Le Wazzou polygame da harshen Zabarma, kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Saboda haka ina kira ga matasan Filinge da Tilaberi da Maraɗi masu sha'awar wannan sana'a, waɗanda wayar da ke hannunsu ma ta isa ɗaukar hoto, da su zauna da tsofaffin gidajensu su tambaye su yadda aka yi auren taubasai a zamaninsu, wanda ya yi albarka da wanda ya watse, su rubuta, su yi mana fim ɗinsa da Hausar Kurfai.