Yadda Aikin Gayya Ke Kare Gari Daga Teku

A ƙasar Ingila akwai wani gari a bakin teku mai suna St Annes. Tsakanin garin da teku akwai tuddan rairayi. Su ne garkuwar garin. Idan teku ta tumbatsa, tuddan ne ke tare ruwa kada ya shiga gidaje.

Amma cikin shekaru 150, fiye da kashi 80 cikin 100 na tuddan yankin sun salwanta. An yi gidaje da hanyoyi a kansu.

To, mutanen wurin ba su naɗe hannu ba. Kowace shekara bayan bikin Kirsimeti, ana tattara itatuwan da aka ƙawata gidaje da su. Sai maza da mata su fito aikin gayya, ba don a biya su ba. Su haƙa ramuka a jere, su binne gindin itatuwan, su bar rassan a waje.

Idan iska ta kwaso rairayi, sai rassan su tare shi. Sannu a hankali tudu ya tashi. Daga nan a dasa wata ciyawa mai dogayen saiwoyi, ta riƙe rairayin gam. Tsuntsaye da ƙadangaru ma su sami mazauni.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A gabashin Nijar, wajen Gudumariya, manoma na kafa shingayen rassa don hana rairayin hamada binne gonaki.

Jama'a, duk inda rairayi ke cin gona, a haɗa kai a kafa shinge, a dasa itace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.