Dalilan da ke sa saƙonnin talla na imel ɓacewa a hanya

Masu sayar da kaya ta intanet a Najeriya da dama sun dogara da manhajojin da ke aika imel da kansu: saƙon maraba ga sabon abokin ciniki, tunatarwa ga wanda ya zaɓi kaya bai biya ba, da sanarwar rangwame. Sai dai idan tsarin ya tsaya, galibi shiru yake tsayawa. Ciniki kan yi makonni yana ja da baya kafin mai kaya ya farga.

Babban dalili shi ne tantance mai aikawa. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'idojinsu. A tsarin Google, wanda ke aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa Gmail dole ne ya tabbatar da adireshinsa ta hanyoyi uku, SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke shaida cewa saƙon ba na sojan gona ba ne. Haka kuma wajibi ne ya bai wa mai karɓa damar ficewa da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai uku cikin dubu. Ƙananan masu aikawa ma ana buƙatar su da SPF ko DKIM. Saƙon da ya gaza cika sharuɗɗan kan faɗa akwatin tarkace, ko a mayar da shi.

Wani lokacin kuma haɗin da ke tsakanin shafin ciniki da manhajar ne ke yankewa bayan an canza kalmar sirri, ko katin banki ya kasa biyan kuɗin wata da ake caja da dala.

A nan ne ake buƙatar sashen kula da abokan hulɗa, kuma a nan haƙuri ke ƙarewa, domin yawancin kamfanonin na ƙetare ne, kuma mai ƙaramin kuɗin rajista na'ura ce ke fara amsa masa. Ƙorafi mai hujja ya fi saurin kai wa ga ma'aikaci: ranar da abin ya faru, adireshin da saƙon bai isa ba, hoton fuskar kwamfuta, da lambar da ke cikin saƙon da aka mayar. Lambar da ta fara da 4 na nuna tangarɗa ta ɗan lokaci, wadda ta fara da 5 kuwa ƙin karɓa ce kwata-kwata.

Rigakafin shi ne ɗan kasuwa ya sanya adireshinsa cikin jerin masu karɓa domin ya riƙa gwadawa kowane mako, ya kuma adana kwafin jerin a wajensa yadda zai iya sauya kamfani ba tare da asara ba. Sayen jerin adireshi kuwa yana janyo ƙorafi, sannan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bai wa kowa 'yancin ƙin amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla.